Kuɗin rufin aji da dangwalen mai awara: yadda kwamitin wata firamare a Kaduna ya farka

Kusan duk makarantar gwamnati da ka shiga a jihar Kaduna in ka tambaya za a ce maka akwai SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, wani lokacin har a nuna maka kwali manne a bangon ofishin hedimasta da sunayen mambobi reras. Amma fita waje ka tambayi masu sunayen yaushe rabonsu da zaman mitin, wasu ma basu san suna ciki ba. Wannan rubutun akan makaranta ɗaya ne, wata firamare a cikin unguwannin nan da suka tsiro a bayan bayfas ta yammacin gari, inda na shiga kwamitin a matsayin wakilin tsofaffin ɗalibai kuma nake taimakawa da rubuta bayanin mitin. Ba zan kama sunan makarantar ko na mutanen ba sabida har gobe tare suke zaune, suna haɗuwa a masallaci da wajen suna da jana'iza.

Bara in ɗan taɓo asalin abun dan wanda bai sani ba. Bayan dokar UBE ta 2004 wadda ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas, majalisar ilimi ta ƙasa ta amince a 2005 cewa kowace makaranta ta kafa irin wannan kwamiti. Daga baya shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya yi aiki a jihohi 6 ciki har da Kaduna da Kano da Jigawa, su ne suka dinga horar da mambobi tare da jami'an wayar da kai na ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi. Sannan shirin NIPEP na dala miliyan 100 da aka fara a 2015 a Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Sakkwato ya dinga tura kuɗin gyara kai tsaye cikin asusun makarantu, UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, ita ma tana da nata tsarin tallafin da ke bi ta hannun kwamitocin. Kuma SBMC ba PTA bane, mutane suna yawan haɗa su. PTA ta iyaye da malamai ce kawai, shi kuwa wannan na unguwa ne gaba ɗaya: akwai wakilin mai unguwa, malaman addini, mata, matasa, masu sana'ar hannu, tsofaffin ɗalibai, wakilan PTA ɗin, malami ɗaya, har da yara biyu mace da namiji daga cikin ɗaliban. Shugaba daga cikin al'umma yake fitowa, hedimasta yawanci shi ne sakatare.

To a makarantar da nake magana haka tsarin yake a takarda. A aikace kuwa mutum biyu ne kwamitin, hedimasta da shugaba. Shugaban wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mutumin kirki wallahi, shi ya gina masallacin layinsu, an sa shi ne dan girmamawa kuma dan ana ganin in ya yi magana kansila zai saurara, sai dai 'ya'yansa da jikokinsa duk makarantar kuɗi suke zuwa, bai san ajin da yake yoyo da wanda baya yi ba. In hedimasta ya kawo masa takarda shago sai ya sa hannu yana ciniki, ko karantawa baya yi sabida ya yarda da shi. Sauran sunayen hedimasta ne ya cike su da kansa lokacin da aka ce kowace makaranta ta kawo jerin mambobi kafin wata rana.

Makarantar dama a cike take maƙil. Tun lokacin da aka fara ciyar da yara abinci a firamaren Kaduna a farkon 2016 yara suka yi ta tuɗaɗowa, gwamnati da kanta ta ce yawan ɗalibai ya kusa ninkawa, kuma a irin waɗannan unguwannin da kullum baƙi ke sauka, musamman mutanen da matsalar tsaro ta koro daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Chikun, ajin da aka gina dan yara 40 sai ka ga ya ɗauki ninki biyu ko fiye, yawancinsu a ƙasa. Ana cikin haka sai iskar farkon damina ta zo da dare ta kwashe rufin wani bulok mai aji biyu, na 'yan aji 5 da aji 6. Da safe kwanon ya watsu cikin unguwa, kafin la'asar rabinsa ya ɓace, wasu sun rufe kejin kaji wasu sun yi ƙyauren banɗaki. Aka gwamutsa manyan yaran da 'yan aji 4, in hadari ya taso sai a buga ƙararrawa kowa ya tafi gida. Haka aka ci damina guda.

Sai ga labari makarantar ta shiga cikin waɗanda za a bawa tallafin gyara. Kuɗin ba wasu masu yawa bane, ba zasu gina sabon aji ko ɗaya ba, amma zasu yi rufi har a samu ɗan canji. Sharaɗin shi ne sai an kawo tsarin raya makaranta a rubuce, da bayanin mitin ɗin da aka amince da tsarin, da sa hannun mambobi musamman wakiliyar mata, kuma al'umma zasu kawo nasu kason ko da kuɗi ko da ƙarfi ko da kayan aiki. Hedimasta ya zauna ya rubuta komai shi kaɗai har da bayanin mitin ɗin da ba a yi ba, ya sa rufi, fentin gaban makaranta, gyaran ofis da sabon allon suna a bakin titi. Shugaba ya sa hannu. Saura wakiliyar mata.

Wadda aka rubuta a wannan gurbin wata baiwar Allah ce mai soya awara da ƙosai a bakin makarantar, mijinta ya rasu, yaranta uku duk a ciki suke karatu. An sa sunanta ne kawai sabida kullum tana wajen, in an buƙaci hannu ba sai an je nema ba. Hedimasta ya aiko monita da takardar da tawadar dangwale aka ce ta dangwala. Ta goge hannunta da gefen zani, ta karɓi takardar ta juya ta, turanci ne, ita kuma bokonta na makarantar dare ne, Hausa take iya haɗawa. Ta taso da kanta har ofis.

"Malam, mene ne wannan zan dangwala?"

"Hajiya ba komai bane, kuɗin rufi ne za a kawo mana, ke ce wakiliyar mata."

"Ni ce wakiliyar mata? Tun yaushe? To in ni ce a karanta min da Hausa in ji abun da matan suka ce."

Ya karanta mata a gurguje. Da ya zo kan fenti da allon suna sai ta ce a tsaya, ina banɗaki? Ya ce kuɗin ba zasu kai ba. Ta ce to ita ba zata dangwala ba sai an tara mutane, in ya so a cire sunanta a sa wata. Kuma da gaske ya yi tunanin sa watan, abun da ya hana shi kawai sunanta ne ke cikin jerin da aka riga aka tura ofishin ilimi, canzawa a lokacin zai jawo tambayoyi. Kafin magariba zancen ya zaga gidaje, dan mai awara ta fi rediyo saurin isar da saƙo, kowace uwa da ta aiko siyan ƙosai sai an koma mata da labari. Washegari maganar ta kai kunnen mai unguwa da liman, aka sa ranar Asabar bayan la'asar.

A ƙarƙashin darbejiyar tsakiyar makaranta aka yi zaman, aka fito da bencinan da suka rage, mata a gefe kan tabarma. Nan ne mutane da yawa suka fara jin cewa suna cikin kwamiti, kafintan da aka rubuta a gurbin masu sana'a sai dariya yake yana cewa ashe shekara da shekaru yana da muƙami bai sani ba. Liman ya buɗe da addu'a, mai unguwa ya ce kowa ya faɗi abun da ke ransa amma banda cin mutunci. Hedimasta ya yi bayani, kuma dole in yi masa adalci a nan sabida mutane suna saurin kiran kowane hedimasta ɓarawo. Ya ce shekara nawa ba a bashi kuɗin gudanarwa, alli da rajista da biro daga aljihunsa suke fita, an hana karɓar ko sisi a hannun yara tunda ilimi kyauta ne, in baƙi suka zo duba makaranta gaban makaranta da ofis suke fara kallo kuma da shi ake auna shi, ofishin nasa kuwa in an yi ruwa sai ya ɗora takardun yara akan kujera. Duk gaskiya ne. Abun da bai faɗa ba amma kowa ya gane shi ne a cikin farashin da ya rubuta akwai ɗan rara da yake sa ran ya maida abun da ya daɗe yana kashewa, da na man masu zuwa duba aiki. Ni a ganina wannan ba hali bane na mutum ɗaya, tsarin da ya bar hedimasta ba ko kwabo kuma yake jiran sakamako shi yake koya masa haka, amma duk da haka kuɗin yara ne kuma bashi da hurumin yanke hukunci akansu shi kaɗai.

Sai aka bawa mai awara dama. Bata tashi tsaye ba, daga zaune ta yi magana tana kallon mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ni a bakin ƙofar nan nake wuni. In an fita tara ina ganin 'yan matan aji 5 da aji 6 suna tafiya gida, kuma rabinsu basa dawowa. Ba wasa suke zuwa ba, banɗaki suke zuwa, dan na makarantar ya rufta tun tuni, maza suna zagayawa bayan aji su kuwa ina zasu? Wasu sun fara girma, in al'adarsu ta zo sati guda basa leƙowa. Ta wajena ma haka take yi. In an yi fenti yaran nan ba fenti zasu shiga ba."

Wajen ya yi tsit na ɗan lokaci sabida ba a saba jin irin wannan maganar a gaban maza ba. Liman ne ya fara cewa gaskiya ta faɗa, tsarki da sutura addini ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da aka rubuta a matsayin wakiliyar ɗalibai an kira ta, kunya ta hana ta magana sai da wata malama ta ja ta gefe, ta dawo ta ce yaran sun ce ko an gina in ba ƙofa mai sakata da ruwa ba zasu shiga ba, kuma kar a haɗa ƙofarsu da ta maza waje ɗaya. Wannan bayanin ba wanda ya kawo shi cikin manyan da ke zaune, kuma shi ya canza yadda aka zana ginin.

Matsalar dai kuɗi ba zasu ɗauki rufi da banɗaki ba in aka bi lissafin farko. Kafinta ya tashi ya zaga ajin da ya yaye, ya hau ya dudduba ya dawo ya ce katakon ba duka ya mutu ba, kusan rabi zai moru in an canza waɗanda gara ta ci, kuma abun da ya sa iska ta ɗauke rufin tun farko ba a ɗaure katakon da jikin gini da ƙarfe bane, ƙusa kawai aka buga. Ya ce in kwanon da ya shiga unguwa zai dawo za a rage bandir da dama. Mai unguwa ya sa aka yi shela, liman ya maimaita bayan sallar Juma'a, ba a kama sunan kowa ba, cewa aka yi duk wanda iska ta kaiwa ajiya ya dawo da ita. Wasu da dare suka dinga jingine kwano a jikin katangar ofis. Bai dawo duka ba, wanda ya dawo ma wani ya lanƙwashe sai a banɗakin ya yi amfani, amma ya rage kashe kuɗi sosai.

Abun da na fi ɗauka da muhimmanci a zaman nan ba ma banɗakin bane, ƙa'idojin da aka yanke ne akan kuɗi. Aka ce ba mai ƙara sa hannu a cek ɗin da ba a rubuta adadi ba. Alhaji shugaba da kansa ya ce shi harkokinsa sun masa yawa, a bar masa kujerar uba a zaɓi wanda yaransa ke makarantar, aka zaɓi wani tela da ke da yara huɗu a ciki, mai awara ta zama ma'aji tare da wata malamar Islamiyya da zata dinga rubuta mata. Siyayya mutum uku zasu je tare, ba kwangila za a bayar ba. Ƙofofin ƙarfe a Panteka, kasuwar ƙarafa ta Kaduna, aka sa aka haɗa bayan an zaga an ji farashi wajen masu walda daban-daban. Kowane rasit sai an karanta shi da Hausa a mitin na gaba, sannan a rubuta abun da ya shigo da abun da ya fita da alli a jikin bangon da ke kallon ƙofar shiga, inda duk uwar da ta kawo yaro zata gani. Kason al'umma kuwa da ƙarfi aka biya, matasa suka haƙa rami ranar aikin gayya, wani mai tifa ya kawo yashi kuɗin mai kawai ya karɓa, 'yan ga-ruwa suka kawo kura-kura, birkila ya yafe rabin ladansa. Alhaji ya ƙara buhunan siminti daga aljihunsa, kuma dama irin wannan taimakon ne ya fi dacewa da shi tun farko.

Hedimasta bai ji daɗi ba, kusan wata guda gaisuwa ce kawai tsakaninsa da mutane, yana ganin an tozarta shi a gaban malamansa. Kwamitin ya yi hankali a nan, daga ɗan canjin da ya rage aka toshe yoyon ofishinsa aka siyo katan na alli da rajista, aka rubuta a bango kamar sauran. Tela ya same shi ya ce Malam daga yau in alli ya ƙare ba aljihunka zaka taɓa ba, mu zaka faɗawa. Daga nan ya fara sakin jiki. Fenti da allon suna dai ba a yi ba har yau.

An gama rufi, an gina banɗaki mai ƙofa huɗu, biyu na mata suna kallon gabas biyu na maza suna kallon yamma, da randar roba da buta. Malaman aji 5 da 6 suka ce yanzu in sun kira suna bayan tara basa samun giɓin da suke samu da. Sai dai wata rigimar ta taso akan wa zai dinga wankewa da kawo ruwa, dan makarantar bata da rijiya, aka yi ta ja har aka tsaya akan matan kwamiti su dinga zagayen dubawa, yara manya su ɗebo ruwa daga tuƙa-tuƙan masallaci da safe. Yana tafiya amma da ƙyar, lokacin rani in layin ruwa ya yi tsawo sai a kulle ƙofofin, matsalar ta dawo sabuwa.

Inda kwamitin ya ci karo da bango shi ne maganar malamai. Da mutane suka ga maganarsu ta fara tasiri sai suka fara lura da wa yake zuwa wa baya zuwa. Kowa a Kaduna yana tuna 2017 lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarabawa aka ce 21,780 sun faɗi aka sallame su aka ɗauki sabbi, to da yawa daga cikin waɗanda aka turo irin waɗannan makarantun ba 'yan unguwar bane, daga wani ƙarshen gari suke tasowa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, wata malama da ke hawa mota biyu da Keke kafin ta iso sai ta koma zuwa kwana uku a sati, wani malamin kuma sai wajen goma yake shigowa sabida yana ɗan taɓa acaɓa da safe. Wasu iyaye suka ce a kore su. Amma kwamiti bashi da ikon ɗauka ko kora ko canjin wajen aiki, wannan na SUBEB ne, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, da ofishin ilimi, abun da zai iya kawai ya yi magana da malamin, ya rubuta rahoto, ya bi sawu. Malamar an zauna da ita, da aka ji lissafin albashinta da kuɗin motarta ba wanda ya iya ce mata komai, wata dattijuwa a kwamitin ta bata ɗaki a gidanta take kwana daga Litinin zuwa Alhamis. Shi kuwa malamin an yi masa magana ya gyara na ɗan lokaci ya koma, aka rubuta takarda, aka kuma rubuta wata ta neman ƙarin malamai tunda akwai ajin da malami ɗaya ke riƙe da yara sama da abun da murya zata iya kaiwa. Tela da wakilin mai unguwa sun yi ta sintiri da takardun nan da kuɗin motarsu, kullum amsar ita ce ana dubawa.

Wannan ne yake min ciwo a tsarin gaba ɗaya. An ɗorawa talakawa nauyin sa ido, an ce su kawo yashi su kawo ƙarfi su zaga gida gida su dawo da yaran da ke talla, kuma suna yi, amma ba wata ƙa'ida da mutanen nan suka sani da ta tilasta wa wani jami'i ya amsa takardarsu cikin kwana kaza. Haka maganar katanga, bayan abun da ya faru a garin Kuriga na ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024 da aka kwashe ɗalibai daga makaranta, iyaye suka tsorata wasu suka riƙe yaransu a gida, makarantar nan kuwa ta ko'ina shiga ake, har masu babur suna ratsawa ta tsakiyar fili. Katanga ta fi ƙarfin aikin gayya. Abun da kwamiti ya iya shi ne haɗa kai da 'yan sintirin unguwa mutum biyu suna zama a bakin hanya lokacin karatu, ana haɗa musu ɗan na goro daga masu hali, sannan aka kafa turakun siminti a iyakar filin sabida wani maƙwabci ya fara turo harsashin gininsa ciki.

Yanzu haka ana zama duk Asabar ɗin farko ta wata, wani lokacin mutum goma wani lokacin biyar, in ba kuɗi a asusu zuwan yana raguwa sosai kuma wannan ma abun dubawa ne. An yi wa hedimastan canjin wajen aiki, sabon da aka kawo ya tarar da lissafi a bango ya tambayi wa ya sa, aka ce kwamiti, ya ce a goge sabida yana ɓata gaban makaranta, mai awara da tela suka ce ba za a goge ba sai dai a sake rubutawa da kyau, maganar tana cikin ajandar zama mai zuwa tare da ta rijiya da takardar neman malamai da za a sake kaiwa, wannan karon da sa hannun iyaye gida gida.